Tambaya da Amsa: Kula da Kwamin Ninkaya, In Ci Gaba da Biyan Ƙwararre ko In Yi da Kaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kura. Shekara biyu da suka wuce na gina kwamin ninkaya a gefen lambuna, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5, zurfinsa kuma idan an daidaita kimanin mita 1.2. Abin da ya sa na gina shi shi ne yadda nake ganin yaranmu suna wanka a hanyoyin ruwan noman rani, suna dawowa da tsargiya. Yanzu yara da samari suna zuwa ranakun Alhamis da Juma'a da lokutan Sallah, suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai wani mai sana'ar kula da irin wannan ruwa da yake zuwa daga birnin Kano sau ɗaya a mako da magungunansa, ina biyansa a dunƙule duk ƙarshen wata, man janareta kuma nawa ne. Bana ya ƙara mini kuɗi har sau biyu, kuma duk da haka akwai makon da ruwan yake komawa kore kafin ya dawo. Ɗana da ya gama sakandare ya ce in sallami mutumin, shi zai riƙa yin aikin. Malam, wanne ya fi sauƙi a aljihu, kuma wanne ya fi aminci?

Daga wani mai karatu, ƙaramar hukumar Kura, Jihar Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri bisa niyyar da ka gina wannan kwami da ita. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya fara ratsa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, yankinku ya samu albarkar noman rani, amma ya samu har da tsargiya, domin ƙananan dodon koɗin da ƙwayar cutar take girma a jikinsu suna son ruwan da yake tafiya a hankali cikin ciyayi. Kwamin siminti mai tsaftataccen ruwa ba ya ba su wurin zama, saboda haka duk yaron da ka janyo daga hanyar ruwa zuwa wurinka ka rage masa haɗari. Sai dai wannan alheri yana tsayawa ne a kan sharaɗi guda, wato ruwan ya kasance da magani a cikinsa a duk ranar da yaro zai shiga, ba ranar da mutumin birni ya zo kaɗai ba.

Ra'ayina shi ne kada ka sallame shi, kuma kada ka ci gaba da tsarin da kuke kai. Bari in nuna maka dalili da lissafi. Zan yi lissafin da kilo da lita ne, domin farashi yana motsi kullum, kai sai ka buga da kuɗin da ake sayarwa a ranar da ka karanta.

Kuɗin kula da kwami ya ƙunshi maganin ruwa, da man da injin yake sha, da ruwan da ake ƙarawa, sannan ladan mai aiki tare da kuɗin motarsa. Idan ka sallami ƙwararren, na ƙarshen ne kaɗai zai fita daga wuyanka, sauran ukun suna nan daram ko wane ne yake riƙe da buroshi. Mutane da yawa suna ganin dunƙulallen kuɗin da suke biya duk wata sai su ɗauka dukansa riba ce ga mai aikin, alhali wani kaso mai kauri daga ciki kuɗin kulorin ne, wato maganin kashe ƙwayar cuta a ruwa, da ya saya a kasuwa, wani kason kuma ya tafi a hanya, tunda tsakanin Kano da Kura tafiyar kimanin kilomita 30 ce, ga kuma dawowa, sau huɗu a wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na sinadaran da ake shigowa da su daga waje sun tashi tare. Ƙarin da ya yi maka ba lallai ne ya zama zalunci ba, amma kana da haƙƙin sanin nawa ne na magani, nawa ne na gumi.

Kwaminka yana ɗaukar lita 60,000 na ruwa, domin 10 sau 5 sau 1.2 ya ba da 60, kowane gurbi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi kuma lita 1,000 yake ɗauka. Ana so a samu kulorin mai aiki tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Garin kulorin da aka fi sayarwa a durom, farin nan mai ƙarfin wari, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 ne cikin ɗari, saboda haka kafin ka ɗaga ma'aunin ruwanka da miligiram ɗaya kana buƙatar kimanin giram 90. A ranakun bazara, da zafin rana da zufar yara da ƙura, ruwa yana iya cinye miligiram 2 zuwa 3 a wuni guda, wato giram 180 zuwa 270. A wata ke nan kana maganar kilo 5 zuwa 8, ban da ƙarin da ake yi bayan cunkoson Sallah ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ka je wurin masu sayar da sinadarai a cikin birni ka tambayi kuɗin kilo da kuɗin durom, ka cire daga abin da kake biyan mutuminka, za ka ga ainihin ladansa a fili.

Na san ba ka yi ƙorafi a kan mai ba, amma ina zaton a nan ne kuɗinka ya fi zurarewa. Injin tura ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana buƙatar awa 6 zuwa 8 kafin ya bi da ruwan irin kwaminka ta cikin matacin yashi yadda ya kamata, kuma ƙaramin janareta mai ɗauke da irin wannan inji yana shan kusan lita guda a awa. Idan ana kunna shi yadda ya dace, a wata ana maganar lita 180 zuwa 240. Idan kuwa ka duba ka ga abin da kake saya bai kai rabin haka ba, to ka gano ɗaya daga cikin dalilan da ruwanka yake komawa kore, kuma wannan ba laifin ƙwararren ba ne. Duk kuɗin da za ka rage daga ladansa, shawarata ita ce ka tara shi ka sayi sola, domin aikin injin kwami aikin rana ne, lokacin da ake shiga ruwan kuma lokacin da rana take cin magani, kuma akwai injinan da suke aiki kai tsaye daga faifan sola ba tare da batir ba.

Batun ruwa kuwa, filin saman kwaminka murabba'in mita 50 ne, wato 10 sau 5, ma'ana duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka ka yi asarar lita 500. A watannin Maris da Afrilu iska mai zafi tana shanye shi da sauri, wankin mataci ma yana zubar da nasa. Idan ruwan burtsatse kake ƙarawa kuma yana da ƙarfe a cikinsa, za ka ga ya koma ruwan ƙasa da zarar ya haɗu da kulorin. Maganin wannan shi ne alif, wanda iyayenmu mata suke kwantar da laka da shi a randa, a bar ruwan ya kwana, da safe a zuƙe abin da ya kwanta a ƙasa zuwa waje.

Yanzu ga ainihin matsalar. Tsarin zuwa sau ɗaya a mako an ɗauko shi ne daga ƙasashe irin su Amurka, inda kwami na iyali guda ne a bayan gida, wutar lantarki ba ta yankewa, injin yana kunna kansa da agogo, kuma akwai ƙwayar kulorin da take narkewa a hankali har mako ya zagayo. A can mai aikin yana zuwa ne ya duba ya daidaita. A wurinka kuwa, garin kulorin da aka zuba ranar Asabar, hasken rana yana cinye mafi yawansa cikin 'yan awanni idan babu sinadarin da yake kare shi, ta yadda zuwa Talata ruwan ya zama fanko, gansakuka ta fara kama bango, ranar Alhamis kuma yara su shiga ruwan da babu komai a cikinsa da zai kashe ƙwayar cuta. Ko mutumin nan ya fi kowa iya aiki a Kano, ba zai iya yin aikin kullum daga nesa ba. Kana biyan kuɗin ƙwarewa ne a kan aikin da abin da ya fi buƙata shi ne mutumin da yake kusa.

A nan ɗanka yana da gaskiya, kuma ina so ka ƙarfafa masa gwiwa. Aikin kullum ba ya wuce awa guda: a kwashe ganye da kwaɗi da raga, a goge bango da matakala, a zubar da dattin kwandon inji, a auna ruwa, a zuba magani. Abu na farko da za ka saya masa, tun kafin buroshi, shi ne kayan awon ruwa, ɗan akwatin nan mai kwalabe biyu da ake ɗiga magani a ciki a kwatanta launi. Ɗaya yana nuna kulorin, ɗayan yana nuna tsamin ruwa, wanda ake kira pH, kuma ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya haura haka kulorin yana rasa ƙarfinsa ko da ka zuba da yawa, ruwan kuma ya yi fari kamar an dama koko. Idan ya yi ƙasa sai ya riƙa cin ido yana lalata ƙarfen inji da simintin da ke tsakanin tayil. Garin kulorin yana ɗaga wannan ma'auni a hankali, shi ya sa ake buƙatar ɗan asid lokaci zuwa lokaci, idan kuma ya faɗi a ɗaga shi da garin soda da ake kira soda ash. Ya riƙa awo safe da yamma, ya zuba magani bayan Magariba domin ya yi aiki cikin dare ba tare da rana ta cinye shi ba, sannan ya rubuta komai a littafi: kwanan wata, abin da awo ya nuna, giram nawa ya zuba, awa nawa inji ya yi. Wannan littafi, bayan wata uku, shi zai faɗa maka ainihin abin da kwaminka yake ci. Kuma ka yanka wa yaron lada, Alhaji, ko yaya yake, domin aikin da ake yi kyauta shi ne ake fara tsallakewa ranar da aka gaji ko aka tafi ɗaurin aure, kuma idan ba ka sa ladansa a lissafi ba za ka yaudari kanka game da arahar yi da kai.

Sai dai akwai tsadar da ba ta fitowa a lissafin wata, ita ce tsadar kuskure, kuma a kanta nake so mu daɗe. Kwamin da ya koma kore sosai yana buƙatar kulorin ninkin na kullum sau da yawa, da kwanaki ana gudanar da inji ba tsayawa, da rufe wurin ga masu biya, wani lokaci ma sai an zubar da rabin ruwan. Sakacin mako guda yana iya cinye abin da ka rage na wata biyu. Akwai kuma kuskuren da masu koyo suke yi da ƙwayar kulorin, mai faɗin nan kamar sabulu wadda ƙarfinta ya kai kashi 90. Tana da sauƙin amfani, kuma tana ɗauke da sinadarin da yake kare kulorin daga rana, wanda kaɗan daga cikinsa alheri ne. Amma wannan sinadari ba ya ƙarewa, taruwa yake yi, har ya kai inda awo zai nuna akwai kulorin alhali ya zama raggo ba ya kashe komai, kuma ba shi da magani sai a rage ruwa a zuba sabo. Mai sana'a ya san lokacin da zai sauya daga ƙwaya zuwa gari. Ɗan koyo sai an nuna masa.

Wanda ya fi duka tayar mini da hankali shi ne haɗarin rai. Garin kulorin da ƙwayar kulorin, duk da sunansu ɗaya, ba a haɗa su a bokiti ɗaya ko a ɗebe su da ludayi ɗaya, domin suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Kulorin da asid idan suka haɗu suna fitar da iskar da take ƙona huhu. Magani ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. A ajiye durom a ɗaki mai inuwa da iska, a kulle, nesa da fetur da man inji da takin zamani, kuma wannan na ƙarshen ina jaddada shi ne saboda na san a gidan manomi ɗakin ajiya guda ne yake ɗaukar komai. Safar hannu da tabarau da abin rufe hanci kuɗinsu kaɗan ne, a saya tare da kayan awo a rana guda.

Akwai kuma ayyukan da ba na ɗanka ba ne ko da ya shekara yana koyo. Duk abin da ya shafi waya da lantarki a kusa da ruwa na mai sana'a ne, kuma ka tabbata ya sa maka na'urar da take yanke wuta nan take idan ta zurare, irin mai miliamfiya 30, fitilun cikin ruwa kuma su kasance masu bolt 12. Gyaran inji idan ya fara ƙara ko yoyo, da sauya yashin mataci wanda ake yi duk bayan shekara 3 zuwa 5, da duba murfin magudanar da ke ƙasan kwami, duk nasa ne. Wannan murfi ba ƙaramin abu ba ne: ƙarfin zuƙar inji yana iya riƙe yaro a ƙasan ruwa idan murfin ya fashe ko ya fita, har ta kai Amurka ta yi doka a kansa a 2007 bayan an rasa rayukan yara. Haka nan idan yaro mai gudawa ya ɓata ruwan, a fitar da kowa a kira ƙwararren, domin akwai ƙwayar cutar da take rayuwa kwanaki a cikin kulorin na yau da kullum, sai an ɗaga ma'aunin kulorin zuwa miligiram 20 a kowace lita na kusan awa 13 kafin a kashe ta. Gano yoyo kuwa ɗanka zai iya farawa: ya cika bokiti ya ɗora a matakala, ya yi alama a bokitin da kuma bangon kwami, bayan kwana guda idan na kwami ya fi na bokiti sauka, to ba rana ce kaɗai take sha ba, sai a kira mai gyara.

Saboda haka ga yadda zan tsara da ni ne. Ka zauna da mutumin cikin mutunci, ka faɗa masa gaskiya cewa kuɗin ya yi maka nauyi kuma ruwan ba ya kai mako. Ka nemi ya ci gaba da zuwa duk mako na wata uku, da sharaɗin ɗanka yana gefensa yana koyo, kuma ka biya shi kuɗin koyarwa daban, domin sana'arsa ce yake buɗe muku. Daga nan ku koma sau ɗaya a wata, ya duba inji da mataci da littafin awo, tare da zuwa na musamman kafin kowace Sallah. Magani ka riƙa saya da kanka a durom, shi ka biya shi ladan aiki da kuɗin mota. Da wannan ka cire tafiya uku cikin huɗu, ka samu farashin sari, ruwanka kuma ya samu mai duba shi kullum. Idan ya ƙi koyarwa, ka rabu da shi lafiya ka nemi wani, amma kada ka bar ɗanka da durom ɗin kulorin ba tare da wani ya taɓa nuna masa ba. A lissafin naka kuma ka ƙara ladan babban mutum wanda ya iya ruwa, wanda aikinsa kawai shi ne zuba ido a kan yara a ranakun da aka buɗe, domin mai karɓar kuɗi a ƙofa ba zai iya haɗa biyun ba.

TAMBAYA

Salamu alaikum, Malam. Maigidana ya rasu ya bar mana ƙaramin masaukin baƙi mai kwamin ninkaya a wajen garin Ringim. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu mai shiga saboda sanyi, amma muna ci gaba da biyan mai kula da shi. Shin zan iya kwashe ruwan in dakatar da shi har zafi ya dawo?

Daga wata mai karatu, Jihar Jigawa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari. Rage kuɗi a watannin hunturu daidai ne, amma ba ta hanyar kwashe ruwa ba. Kwamin da aka bari babu ruwa, da sanyin dare da zafin rana da bushewar iska, simintinsa yana tsagewa, tayil yana ɓamɓarewa, robobin inji suna bushewa. Idan kuma wurin yana kusa da fadama, kamar yadda wurare da yawa suke a gefen kogin Haɗejiya, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya tura kwamin da babu nauyi a cikinsa har ya fasa shi, gyaran kuwa zai ninka abin da kike son ragewa. Ga kuma kuɗin sake cikawa, da haɗarin ramin da yaro zai iya faɗawa.

Ki bar ruwan, ki sa mai kula da shi ya daidaita awo ya ɗaga kulorin, sannan a rufe saman da tamfol mai kauri a ɗaure shi sosai, a kuma kulle ƙofar shingen domin kada yaro ya taka tamfol ɗin yana zaton ƙasa ce. Rufin yana tare ƙurar hunturu, wadda ita ce babban aikin waɗannan watanni, yana hana rana cin magani, yana rage ruwan da iska take sha. Ruwa mai sanyi da ba ya ganin haske gansakuka ba ta saurin kama shi, saboda haka awa 2 zuwa 3 na inji a rana sun isa, awo kuma sau biyu a mako, wanda ɗaya daga cikin ma'aikatan masaukin zai iya koya. Mai kula da shi sai ya riƙa leƙowa sau ɗaya a wata, ki biya shi ladan zuwa, sannan ya dawo cikakken aiki a tsakiyar Fabrairu, ya wanke mataci ya gwada inji, ya buɗe ruwan mako biyu kafin baƙin farko su fara tambayarsa.